Kyaftin makaho ne idan babu mutanensa: fashin baƙi kan wasannin jirgin ƙarƙashin teku

Wanda ya saba da gidajen gem na Agege ko Idi-Araba, inda ƙwallo da harbe-harbe ke cin kasuwa tun daga la'asar har dare ya raba, idan aka zaunar da shi gaban wasan jirgin ƙarƙashin teku tambayarsa ta farko ita ce, "To, yaushe za a fara?" Ga shi an kwashe minti ashirin ba a harba komai ba, allo ya yi duhu, mai wasan ya maƙala hedifon ya yi tsit. Alhali kuwa an daɗe da farawa. A irin wannan wasa jira da sauraro da lissafi su ne aikin, harbin kuma na 'yan daƙiƙu ne. Masu yin sa ba su da yawa a Legas, domin yawanci wasan kwamfuta ne ba na PlayStation ba, amma wanda ya kama shi da gaske za ka ji yana cewa akwai lokacin da yakan manta da ɗakin da yake zaune, har ya riƙa rage murya don kada jirgin abokan gaba ya ji shi. Me ke jawo wannan nitsewar? A ganina ba kyan hoto ba ne, ba kuma yawan maɓallai ba. Mutanen cikin jirgin ne, da irin yadda wasan ya tilasta maka ka dogara da su.

Sai an san ainihin jirgin kafin a gane dalili. Yawancin waɗannan wasanni an gina su ne kan jiragen Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, musamman samfurin da ake kira Type VII, wanda aka ƙera sama da 700. Tsawonsa kimanin mita 67 ne, kuma mutum 44 zuwa 52 ke cunkushe a ciki tare da injinan dizal biyu, da tarin batura, da tofido 14, wato makaman da ake harba wa jirage ta cikin ruwa, da abincin makonni. Gadaje ba su isa kowa ba, saboda haka wanda ya sauka daga aiki yakan kwanta a gadon da wani ya tashi yanzun nan, da ɗuminsa. Banɗaki biyu ne, ɗayan kuma akan cika shi da kayan abinci a farkon tafiya. Ruwa a ƙididdige yake, ba a zancen wanka ko aski. A saman teku jirgin kan yi gudun kusan kilomita 33 a awa, amma da ya nutse dizal ba ya aiki tunda babu iska, sai batir, gudun ya koma kamar kilomita 14, kuma idan aka matsa wa batirin haka ba ya jimawa zai ƙare.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne jirgin ba shi da taga. Kyaftin yana gani ne kawai ta madubin leƙe, shi ma sai jirgin yana kusa da saman ruwa, kuma duk ɗagawar da ya yi masa yana iya tona wa kansa asiri. Da an yi ƙasa sosai, ido ya gama aiki. Kunne ya rage, kuma ba kunnen kyaftin ba, na wani saurayi ne da ke zaune a ɗan ƙaramin lungu yana juya na'urar sauraro. Sauti a ruwa yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka na iska fiye da sau huɗu, don haka ƙwararren mai sauraro yakan ji farfelar ayarin jirage tun suna nesa, ya bambance jirgin kaya mai tafiyar nauyi da jirgin yaƙi mai sauri. Zurfin jirgin yana hannun babban injiniya da mutum biyu masu juya fikafikai. Inda jirgin yake a doron teku yana hannun mai taswira. Kyaftin ba ya riƙe da komai da hannunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Apapa ya ga direban tirela yana komawa da baya cikin cunkoso ya san wannan hali: direban ba ya ganin gindin motarsa, muryar yaron mota ce idonsa, "zo, zo, zo, karya hagu, tsaya!" In yaron ya yi jinkiri ko ya yi kuskure, direban ne zai daki motar mutane. Haka kyaftin yake, sai dai nasa yaran sun kusa hamsin, kuma kuskuren ba ya ƙarewa a wurin mai gyaran bodi.

Matsalar mai ƙera wasa ke nan. Ɗan wasa mutum ɗaya ne a gaban allo, aikin kuma na mutum hamsin ne. Duk tarihin waɗannan wasanni ƙoƙari ne na warware wannan ƙulli, kuma kowane zamani da tasa amsar.

Amsar farko ita ce a share mutanen gaba ɗaya. A Silent Service na Sid Meier, wanda kamfanin MicroProse ya fitar a 1985, kai ne kyaftin, kai ne mai taswira, kai ne mai harbi, kana tsalle daga wannan allo zuwa wancan. Aces of the Deep na 1994 da Silent Hunter na farko na 1996 sun ƙara zurfi ƙwarai, amma har yanzu na'urori kake fuskanta ba fuskoki ba. Ko Dangerous Waters na 2005, wanda kamfanin Sonalysts mai yi wa rundunar ruwan Amurka aiki ya ƙera, kuma har gobe ake girmama shi wajen koyar da karatun sauti a jiragen zamani, ma'aikatansa wani maɓalli ne da kake kunnawa su yi maka aikin da ba ka so. Mutum zai koyi abu mai yawa a nan, amma zai koya ne shi kaɗai a cikin jirgin da babu kowa.

Silent Hunter III, wanda reshen Ubisoft na Bukares a Romaniya ya fitar a 2005, shi ne ya sauya lissafin. A nan ka tsaya a ɗakin sarrafa jirgi ka waiga, ga injiniya a tsaye, ga mai taswira ya sunkuya kan teburinsa, ga masu fikafikai sun ba ka baya. Ka latsa mutum ka ba shi umarni, ya amsa da baki, ka ga allurar zurfi ta fara motsi bayan ɗan lokaci, ba nan take ba. Wannan ɗan jinkirin tsakanin umarni da aiki, da kuma labarin da ke zuwa maka ta muryar wani, su ne suka yi aikin da hoto bai iya ba. Idan ka ba da umarnin tafiyar shiru, mutanen sukan koma yi maka raɗa. Na tabbata rabin waɗanda suke cewa wasan ya shiga jininsu, wannan raɗar ce ta kama su ba su sani ba. Kowane ma'aikaci kuma yana da suna da muƙami, kana iya ƙara masa girma ko ka ba shi lambar yabo bayan an dawo tashar jirage, kuma yana iya mutuwa. Mai sauraron da ka raina tun yana sabon shiga, idan jirgin sama ya kashe shi a tafiya ta takwas, za ka ji rashinsa a aikin wanda ya gaje shi.

Amma wasan ya yi tuntuɓe a wuri guda da ya kamata a lura da shi. Ma'aikata suna gajiya, kuma kai ne za ka riƙa jan hoton kowane ɗaya daga ɗakin inji zuwa wurin kwana, ka jawo wani ka maye gurbinsa, in ka manta inji ya tsaya a tsakiyar teku. Niyyar mai kyau ce, a nuna cewa mutane ne ba ƙarfe ba. Sakamakon ya zama akasin haka, domin ba a taɓa kyaftin ɗin da ke bin ma'aikatansa ɗaya-ɗaya yana kwantar da su ba. A jirgin gaske akwai tsarin karɓa-karɓa, masu gadin sama awa huɗu-huɗu, kuma ƙananan hafsoshi ne ke kula da shi. Mutumin da ba zai iya zuwa ya kwanta da kansa ba ya daina zama mutum a idon ɗan wasa, ya koma kaya. Shi ya sa masu sha'awar wasan da suka yi masa gyare-gyare da kansu suka fi taɓa wannan ɓangare.

Akwai wani ruɗani da ya fi wannan zurfi, kuma yawancin 'yan wasa ba sa ganinsa. Kafin tofido ya sami jirgi sai an san abu uku: nisan jirgin, da gudunsa, da kusurwar da ya fuskanto ka. Nisa ana fitar da shi ne daga tsayin jigon jirgin kamar yadda littafin tantance jirage ya nuna, a gwada da yadda ya bayyana a madubin leƙe. Gudu kuwa akwai wata dabara da 'yan wasa suka haddace: a sa alama a taswira, a jira minti 3 da daƙiƙa 15, a sake sa alama, duk mita 100 da jirgin ya ci tsakanin alamomin biyu daidai yake da mil ɗaya na teku a awa, tunda mil ɗin teku mita 1,852 ne. Wasan yana ba ka zaɓi, ko hafsan makamai ya yi maka lissafin, ko ka ɗaga ma'aunin kwaikwayon gaskiya zuwa kashi 100 ka yi komai da kanka. Masu alfahari da ƙwarewa na biyun suke zaɓa, kuma lallai akwai daɗi idan lissafinka ya faɗa daidai. Sai dai ka duba abin da ya faru. Kai ka leƙa, kai ka buɗe littafi, kai ka ja layi a taswira, kai ka juya maɓallan na'urar lissafin tofido, kai ka harba. A jirgin gaske kyaftin yana manne da madubi yana faɗin abin da ya gani, wani yana shigar da lambobin, wani yana zana hanya, wani yana riƙe da zurfi don kada madubin ya nutse ko jirgin ya ɓullo. Wato da ka matsa kusa da gaskiyar na'ura, sai ka yi nisa da gaskiyar zaman jirgin. Wanda ya bar wa hafsansa lissafi, ya yarda da shi duk da yana iya kuskure, ta wata fuskar ya fi kusa da abin da kyaftin ke ji.

Silent Hunter 5 na 2010 ya ɗauka cewa abin da ya rage shi ne hira. Ya ba ka damar takawa da ƙafa daga ɗakin tofido na gaba har na baya, ka tsaya wurin kuku, ka tambayi injiniya labarin gida. Tafiyar ƙafar nasara ce babba, domin sai ka sunkuya ka ratsa ƙofofin nan masu zagaye kafin ka san ƙuncin wurin. Hirar ce ba ta yi ba. Maganganun 'yan kaɗan ne, suna maimaita kansu, kuma an mayar da ƙwarin gwiwar ma'aikata wasu maki da kake tarawa ka kashe wajen sayen bajinta ta musamman. Da zarar ɗan wasa ya gane cewa yana gaida kuku ne don maki su ƙaru, gaisuwar ta mutu. Ga kuma sharaɗin da kamfanin ya gindaya lokacin fitowarsa cewa dole sai da intanet a kunne ko da kai kaɗai kake wasa, wanda ga mai zama a Legas a 2010, zamanin modem ɗin da ake soka wa laftof, kusan daidai yake da a ce kada ka saya.

UBOAT na kamfanin Deep Water Studio na ƙasar Folan, wanda aka fara sayarwa tun ba a gama shi ba a 2019 aka kammala a 2024, ya bi wata hanya dabam, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Yana yanka maka jirgin ta gefe ka ga kowane ɗaki da wanda ke ciki. Kai kana ba hafsoshi umarni, su kuma suna da ƙananan ma'aikata a ƙarƙashinsu. Abinci yana ƙarewa, iska tana ɓaci idan an daɗe a ƙasa, ɗa'a tana raguwa idan tafiya ta yi tsawo, wani yakan firgita lokacin da bama-baman zurfi ke fashewa har sai an je an kwantar masa da hankali. Waɗannan ba ƙawa ba ne, tarihi yana bayansu. A watan Oktoban 1943 kyaftin ɗin jirgin Jamus U-505, Peter Zschech, ya harbe kansa a ɗakin sarrafa jirgi ana tsakiyar jefa musu bama-bamai. A Afrilun 1945 jirgin U-1206 ya salwanta kusa da gaɓar Sukotilan saboda an yi kuskure wajen sarrafa banɗakinsa mai aiki da matsin ruwa, ruwan teku ya kwararo kan batura, iskar kulorin mai guba ta tashi, dole suka fito sama inda aka far musu. Batun iska kuwa mu a nan muna da wanda za mu tuna: Harrison Okene, kukun jirgin da ya kife a gaɓar Escravos a watan Mayun 2013, wanda ya yi kusan awa 60 a ɗan sararin iska a zurfin mita 30 kafin masu nutso su same shi da rai. Wanda ya kalli bidiyon ceton nan ba zai ƙara kallon ma'aunin iska a wasa a matsayin lamba kawai ba.

Inda UBOAT ya fi ƙarfi shi ne lokacin da ruwa ya fasa wani ɗaki. Kana ganin injiniya yana fama da ɓarakar, ruwa ya kai masa ƙugu, nauyi yana jan jirgin ƙasa, kuma kowane mita 10 da kuka ƙara matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. Ko ka rufe ƙofar ƙarfe ka ceci sauran, ko ka bar ta a buɗe ka ba mutanen ciki dama. Wannan yanke hukunci ne irin na shugaba, kuma yana da zafi. Inda yake da rauni kuma shi ne ainihin wannan yankan gefen. Kana ganin komai a lokaci guda, abin da babu kyaftin ɗin da ya taɓa samu. Shi na gaske yana tsaye ne a wuri ɗaya yana jiran wani ya rugo ko ya yi magana ta bututu ya ce ɗakin baya yana shan ruwa, kuma bai san ko mai faɗin ya ƙara gishiri saboda tsoro ba. UBOAT yana sa ka tausaya wa mutanenka daga sama. Bai cika sa ka buƙace su daga ciki ba, sai in kai da kanka ka zaɓi ka riƙa kallo ta idon mutum ɗaya.

Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Wolfpack, wanda wani ƙaramin kamfanin Suwidin mai suna Usurpator ya fara fitarwa a 2019. Su sun daina ƙoƙarin ƙirƙirar mutane, sun ce ka zo da naka. Ana raba aikin jirgi tsakanin 'yan wasa: kyaftin, mai sitiyari, mai kula da nutso, mai rediyo da sauraro, mai taswira. Babu alamar da ke nuna maka abokan gaba a allo. Mai taswira farar takarda gare shi, abin da aka faɗa masa shi zai zana. Mai nutso yana buɗe bawul yana rufewa da hannu, in ya manta ɗaya jirgin ya karkace. Saƙon da ya zo daga wani jirgi a rufe sai mai rediyo ya warware shi da na'urar Enigma. Ka saurari samari biyar da suka haɗa laftof a ɗaki ɗaya suna wannan wasa, za ka ji irin haka:

"Oga, ina jin farfela, digiri arba'in, tana ƙaruwa."

"Mai sauri ce ko mai nauyi?"

"Mai sauri ce, Oga. Ta juyo kanmu."

"Ƙasa, mita tamanin. Malam, rage inji."

"Mita tamanin, an rage inji."

Maimaita umarnin nan da na ƙarshe ya yi ba wanda ya koya musu shi daga littafi. Bayan an nutsar da su sau biyu saboda wani ya ji "tamanin" a matsayin "talatin", su da kansu suke gano abin da sojojin ruwa suka daɗe da mayarwa doka. Kuma a nan ne tsoro yake zama na gaske. Na'urar gano jirgi ta Birtaniya, ASDIC, a farkon yaƙin takan rasa jirgin ƙarƙashin teku a daidai lokacin da mai farautar ya zo kansa zai saki bama-bamai. Wannan 'yar tazarar ita ce damar kyaftin ya ba da cikakken gudu ya karya kwana. Amma shi ba ya jin farfelar, mai sauraro ne zai ce "yanzu". Rayuwar mutum biyar tana rataye a kan kalma ɗaya daga bakin wanda wataƙila shi ne ƙaraminsu.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mun taso da tarbiyyar cewa ƙarami ba ya katse babba, ba ya ce masa ka yi kuskure a gaban mutane, kuma tarbiyya ce da nake alfahari da ita. Sai dai a cikin jirgi tana iya kashe mutane idan ba a san inda za a ajiye ta ba. Yaron da ke kan taswira ya ga lissafin yayansa ya kauce, sai ya yi shiru don kunya, tofido huɗu su tafi a banza. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A ranar 9 ga Fabrairun 2001 jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, USS Greeneville, ya taso sama da ƙarfi kusa da Hawai ya daki jirgin horar da ɗaliban kamun kifi na Japan, Ehime Maru, mutum tara suka mutu, huɗu daga ciki ɗaliban sakandare. Bincike ya nuna cewa ma'aikacin da ke bin diddigin jirage ya ga alamar cewa jirgin yana kusa amma bai faɗa ba, bayan kyaftin ya leƙa ya ce bai ga komai ba. Ƙungiyar 'yan wasan da ta daɗe tare takan samo hanyarta: "Yaya, a sake dubawa, ni nawa lissafin ya ba ni daban." Girmamawar tana nan, gyaran kuma ya isa. Ban san wani wasan ƙwallo a allo da ke koya wa matasa wannan ba, kuma shi ne babban dalilin da nake ganin wasannin nan sun fi ƙarfin a kira su ɓata lokaci.

Barotrauma na ƙasar Finlan, wanda aka kammala a 2023, ya ɗauki wannan tsari ya kai shi tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, da 'yan wasa har 16, da likita, da makaniki, da jami'in tsaro, har da yiwuwar a sami maci amana a cikinku. Hotonsa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ko kusa da UBOAT wajen kyau, amma mutane suna fitowa daga cikinsa da gumi.

Ga mai son gwadawa a Legas, labarin ba mai karya gwiwa ba ne. Silent Hunter III ya tsufa har kusan kowace laftof ta hannu da za a samu a Computer Village ta Ikeja za ta ɗauke shi. Wasannin haɗin gwiwa kuma ba sa buƙatar intanet mai saurin walƙiya irin na wasan harbi, tunda komai a hankali yake tafiya, muryar ce dai dole ta fita sarai. Babban abokin gaba shi ne wuta, domin wasa ɗaya kan ci awanni, kuma in ta ɗauke wa mai nutso ana tsakiyar farauta, duka jirgin ne ya tafi. Shi ya sa haɗuwa a ɗaki ɗaya mai janareta ko inbata ya fi kowa ya zauna a gidansa, ga shi kuma kuna ganin fuskokin juna.

Saura mutanen da kusan duk wasannin nan suka bari a baya, kuma wannan ya fi damuna fiye da duk abin da na lissafa. Ɗan wasa yana zaune ne a kujerar hafsan rundunar Hitler. Ana yawan ambaton cewa cikin kimanin mutum 40,000 da suka yi aiki a jiragen ƙarƙashin teku na Jamus kusan 30,000 ba su dawo ba, kuma gaskiya ne. Amma ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya da suka mutu a yaƙin su ma sun haura 30,000, ba sojoji ba ne, kuma kafin watan Mayun 1941 albashin ma'aikaci yakan tsaya ne daga ranar da jirginsa ya nutse. A wasa, duk waɗannan suna bayyana ne a matsayin adadin tan da ka nutsar, wanda da shi ake ba ka lambar yabo.

Mu kuma ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. A ƙarshen watan Mayun 1941 jirgin U-69 ƙarƙashin Jost Metzler, irin samfurin nan dai da muke tuƙawa a allo, ya dasa nakiyoyi a Takoradi da kuma mashigar tashar Legas, kuma ranar 4 ga Yuni jirgin yashe mai suna Robert Hughes ya taka ɗaya ya nutse a bakin tashar. Jiragen da ke tashi daga Apapa su haɗu da ayari a Firitawun suna ɗauke ne da gyaɗar da jirgin ƙasa ya kwaso daga Kano, da kuzar Jos, da manja, kuma a lokacin yaƙin ne kamfanin Elder Dempster ya shiga ɗaukar 'yan Najeriya aikin jirgi daga Legas. Ta wannan tekun aka kwashi sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a 1943 da 1944 zuwa Indiya a kan hanyarsu ta ƙasar Bama (Burma), da yawansu 'yan Arewa, Hausa ce ma harshen bariki. Bahaushen da ya ɗora alamar madubin leƙe kan jirgin kaya a gaɓar Afirka ta Yamma ya kamata ya san wa ke iya kasancewa a ɗakin injin jirgin nan.

Tarihin ma ya ba masu ƙera wasa abin da za su yi aiki da shi. A ranar 12 ga Satumban 1942 U-156 ya nutsar da jirgin Laconia a tekun da ke tsakanin Afirka ta Yamma da tsibirin Asenshan, da mutum sama da 2,700 a ciki, yawancinsu fursunonin yaƙi 'yan Italiya. Kyaftin Werner Hartenstein ya tsaya ceto, ya aika saƙo a fili da Turanci yana neman taimako, ya shimfiɗa tutar Red Cross, ya ja kwalekwalen ceto a bayansa. Bayan kwana huɗu jirgin saman Amurka ya kai masa hari, Hartenstein ya saki mutanen ya yi ƙasa da jirginsa don ya tsira, Karl Dönitz, kwamandan jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, kuma ya ba da umarnin hana ceto washegari. Sama da mutum 1,600 suka mutu. UBOAT ya ɗan taɓa wannan fage, domin bayan ka nutsar da jirgi kana iya matsawa kusa da kwalekwalen waɗanda suka tsira, ka ba su abinci, ko ka ɗauki wasu a jirginka alhali wuri da abincin ba su ishe ku ba, kana kuma tsaye a sama inda jirgin sama zai iya riskarka. Mataki ne mai kyau, amma ƙarami ne. Wasan da ya iya ba kowane ma'aikacinka suna da muƙami da gajiya zai iya ba ma'aikatan ɗaya jirgin ma. Abin da nake so in gani a littafin tafiya, a gefen adadin tan, shi ne jerin mutanen da ke cikin jirgin da aka nutsar, da aikin kowannensu, da tashar da ya hau, ko Libaful ce, ko Kalkata, ko Firitawun, ko Legas, da kuma nawa ne suka kai ga kwalekwale.